Yadda Ake Kare Farfelar Jirgin Ruwa da Sandarta Daga Dattin Teku a Bahar Maliya

Duk wanda ya taɓa barin jirgi mai inji a ɗaure a gaɓar Bur Sudan ko Sawakin na 'yan makonni ya san abin da yakan tarar a jikin farfela, wadda abokan aikinmu Larabawa ke kira raffas. Yauƙi ne ke fara kwanciya, gansakuka ta biyo baya, daga nan sai ƙananan katantanwar teku su kafa gidajensu masu tauri kamar siminti. Ruwan Bahar Maliya yakan haura digiri 30 a lokacin zafi, abin da ke sa halittun nan saurin yaɗuwa, gishirinsa kuma ya kai kusan giram 40 a kowace lita, wanda ke gaggauta cin ƙarfe. Farfelar da ta yi kaushi ba ta yanka ruwa yadda ya kamata, saboda haka inji ya riƙa nishi yana fitar da baƙin hayaƙi, jirgi yana karkarwa, man dizal yana ƙarewa da wuri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa wa farfela ragowar fentin da aka yi wa ƙasan jirgi. Yawancin irin wannan fenti yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, kuma idan ya haɗu kai tsaye da wani ƙarfe a cikin ruwan gishiri, sukan zama tamkar batir, ɗaya yana cin ɗaya. Haɗarin ya fi tsanani ga alminiyom, irin na ƙafar injin da ake rataya wa a bayan kwalekwale. Ko da bai yi ɓarna ba, juyawar farfela takan wanke shi cikin ɗan lokaci. Haka kuma, a guji tsohon fenti mai gubar TBT, wanda yarjejeniyar Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta 2001 ta haramta, ta kuma fara aiki a 2008.

A ganina, abin da ya fi dacewa da ruwanmu shi ne shafin silikon, irin su Propspeed na ƙasar New Zealand. Ba shi da guba. Santsi ne da shi, ta yadda abin da ya manne ba ya samun wurin riƙo, da zarar farfela ta juya sai ya zame. Yakan kai shekara ɗaya zuwa biyu idan an yi aikin da kyau, sai dai yana da tsada. Wanda bai samu ba yana iya amfani da fenti mai tauri da aka yi musamman domin farfela, a bisa shimfiɗa, wato fentin farko da zai raba shi da ƙarfen. Maiƙon ulun tumaki da wasu ke shafawa yana da araha, amma ba ya daɗewa.

Ko wanne aka zaɓa, rabin aikin yana wajen gyaran ƙarfe. A kankare dattin da zarar an fito da jirgi, tun yana da danshi, domin idan rana ta busar da shi wahalar takan ninku. Kowace katantanwa tana barin farin zobe a inda ta zauna, kuma wajibi ne a cire shi ƙarƙaf, don fenti ba ya kama a kansa. Bayan haka a duba tagullar da aka ƙera farfelar da ita da kyau. Idan an ga tabo mai launin ja-ja, alama ce cewa tutiyar da ke cikin tagullar ta zube, ƙarfen ya yi rauni, kuma babu fentin da zai mayar masa da ƙarfinsa. Idan lafiya take, a goge ta da samfefa mai lamba 80 har ta yi haske da ɗan kaushi, ba sulɓi irin na madubi ba, sannan a wanke maiƙo da sinadarin da ya zo tare da fentin, ana sauya tsumma har sai ya fito fari. Daga nan kada hannu ya sake taɓa ta sai da safa, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa shafin ya ɓare.

Akwai wuraren da ba a shafa wa komai, a rufe su da tef tun da farko: ɓangaren sandar farfela da ke juyawa a cikin boris na roba, wurin da farfela ke zama a kan sanda, da kuma wurin da ake ɗaure dunƙulen tutiya. Wannan dunƙule shi ne ke karɓar cin gishiri a madadin farfela da sanda, kuma ba ya aiki sai ya taɓa tsuran ƙarfe. Shi kansa ba a yi masa fenti.

Wajen shafawa ne zafin ƙasarmu ke kayar da mutane. A tsarin silikon ana yin shimfiɗa sau biyu, sannan a ɗora shafin sama, kuma tazarar da ke tsakaninsu minti 3 zuwa 5 ce kawai a matsakaicin zafi. A tsakar ranar Yuli kuwa ba ta kai haka ba. Saboda haka a yi aikin da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a ƙarƙashin rumfa, a ranar da babu iska mai ƙura. Ya fi kyau mutum biyu su yi shi, ɗaya da burushin shimfiɗa, ɗaya yana biye da shafin sama, suna gama fiffike ɗaya kafin su koma na gaba. Hanyar gane lokaci ita ce a ɗan taɓa shimfiɗar da yatsa cikin safa: idan ya bar sawu amma fentin bai biyo shi ba, to a ɗora na gaba nan take. Idan ta riga ta bushe ƙayau, babu dabara sai a goge a sake. A bar shi ya yi aƙalla awa 8 kafin a mayar da jirgi ruwa.

Bayan haka, a gargaɗi yaron da ke nitsewa yana wanke ƙasan jirgi kada ya kusanci farfelar da wuƙa ko burushin waya. Tsumma mai laushi ya wadatar. Jirgin da zai daɗe a ɗaure kuma a riƙa tayar da shi ana juya farfelar gaba da baya ko da sau ɗaya a mako. A duk nitsewa a duba dunƙulen tutiyar, idan rabinsa ya cinye a sauya shi.