Yadda ake sauka gari ta tenda idan jirgin shaƙatawa ya tsaya a tsakiyar ruwa

Tunda mutanenmu suka gano yawon jirgin ruwan nan, masu tashi daga Dubai da masu zagaya Bahar Rum, ga kuma na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024, duk wanda ya shigo min ofis a nan Gombe tambayarsa ɗaya da ta ɗan'uwansa, biza, abincin halal, sai kuma "jirgin na girgiza?" Ba mai tambayar yadda zai sauka. Kowa ya ɗauka jirgi zai matso ya jingina da gaɓa a miƙo tsani, to ba ko'ina ba. Akwai garuruwan da ruwan bakinsu bai da zurfi ko ba su da matsayar da za ta ɗauki ƙaton jirgi, sai ya tsaya can nesa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage, su ne tenda. Santorini ta Girka haka take, Fortofino ta Italiya haka, Kan ta Faransa mai bikin fina-finai haka, masu tashi daga Durban zuwa tsibirin Fotugis na Mozambik ma haka. Yawanci jiragen ceton nan ne masu ruwan lemo da kake gani rataye a gefen jirgi ake saukarwa, wani wurin kuma irin Santorini masu jiragen garin ne ke yin aikin. Kyauta ne, kar wani ya karɓi ko sisinka.

Tun kafin ka biya kuɗin tafiya ka duba jerin garuruwan, inda za a yi tenda sukan rubuta ko su sa alamar anga a gefe. In da tsoho ko tsohuwa a tafiyar wannan ne abu na farko da za ka duba, kafin farashi ma. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar keken guragu mai batir a tenda, kuma sai mutum ya iya takawa da ƙafarsa, wasu kamfanonin Ingila har gwaji suke yi su ga ko mutum zai iya tsallake tazarar santimita 45 shi kaɗai. Ka kwashi Hajiya Babba da ciwon gwiwa ka biya daloli ta wuni a ɗaki tana hango gari ta taga, ai ka ga ba a yi mata adalci ba.

Daren jajibiri za a turo takardar shirin gobe ɗakinka ko a sa a manhajar jirgin. Ka ɗauke ta hoto a waya. Abu uku kake nema a ciki, inda ake raba tikitin tenda da ƙarfe nawa, lokacin tenda ta ƙarshe, da lambar wayar wakilin jirgin a garin. Maganar tikiti lissafi ne kawai, jirgi na ɗauke da mutum 4,000 ko fiye, tenda ɗaya yawanci ba ta wuce 100 zuwa 150, kuma kowa so yake ya sauka da safe. Shi ya sa ake ba da lamba, ana kira a lasifika rukuni-rukuni. Waɗanda suka sayi yawon gari daga hannun jirgin da masu manyan ɗakuna su ake fara fitarwa, sai sauran mu. Ni ƙa'idata, mutum ɗaya ya fita bayan sallar asuba ya tsaya kusa da inda za a raba, sauran su yi wanka su karya. Amma fa a tabbata an shirya kafin a karɓa, don wasu jiragen ba sa bayarwa sai sun ga kowa a tsaye, kuma in aka kira lambarku Hajiya na gaban madubi tana ɗaurin kallabi to an wuce ku. In kuma ba ka da gaggawa kwata-kwata ka yi kwanciyarka, idan cunkoson safe ya lafa za a sanar an daina tikiti kowa ya zo, sai dai rabin yinin ya tafi.

Yawon garin da jirgi ke sayarwa da tsada, wani lokaci kusan ninkin abin da za ka kashe da kanka, amma a garin tenda kaɗai nake cewa mutum ya rufe ido ya biya, musamman mai iyali. Za ka fita da wuri, kuma in motarsu ta makara jirgi na jiransu, kai da ka tafi gaban kanka ba mai jiranka.

Katin ɗakinka shi ne komai, da shi za a duba ka fita da shi za a duba ka dawo, kowa ya riƙe nasa har yara. Ka haɗa da shaida mai hoto. Kilishi da dambun naman da aka taho da su daga gida su zauna a ɗaki, ayaba da tuffa na wurin cin abinci ma haka, ƙasashe da yawa sun hana sauko da nama da 'ya'yan itace kuma akwai tara. Ka yi alwala kafin ka sauko ka cusa ƙaramar sallaya a jaka. Mai saurin jiri ya sha maganinsa tun yana ɗaki, irin su Stugeron sai sun ɗan jima a ciki suke aiki, in ka bari sai zuciya ta fara tashi ka makara.

To yanzu ga inda nake so a nutsu, don nan ne nake ganin mutanenmu suna shan kunya, wato takun nan guda ɗaya daga babban jirgi zuwa tenda.

Za a sauko da ku can ƙasan jirgi, ku bi wani siririn tsani zuwa wani dandamali da ke daf da ruwa. Babban jirgin da kake kai kamar bai motsi saboda nauyinsa, ita kuwa tenda igiyar ruwa na ɗaga ta tana sauke ta, tana matsowa ta bugi gefen dandamalin ta ja baya. Yanzu ka ga bakinta daidai da ƙafarka, kafin ka ƙifta ido ta yi ƙasa ko ta buɗe rami tsakaninku. Wani zai ce maka "haba malam, ni da na sha shiga kwale-kwale a Dadin Kowa", shi ne kuwa wanda ya fi ba ma'aikata wahala saboda zai ƙi miƙa hannu ya ce zai yi tsalle.

Hannuwanka biyu su zama babu komai. Waya a aljihu ko a jaka, jaka a baya ko a rataye a ƙirji, carbi a aljihu, gorar ruwa a jaka. Akwai ma'aikata biyu ko fiye a wurin, na kan dandamali da na cikin tenda, za su kama ka ta damtse ko tsintsiyar hannu kai ma ka kama nasu, ba musabaha ba ce, tafin hannu da tafin hannu sulɓewa yake in da gumi ko ruwa. Kar ka kalli ramin, kalli wanda ke cikin tendan. Su suna karanta ruwan, za su tsayar da kai har sai ta ɗago daidai, da sun ce taho ka tafi gaba ɗaya a taku guda. Abin da ya fi komai haɗari shi ne ka sa ƙafa ɗaya ciki ka bar ɗaya a waje kana shawara. Kuma kar ka kuskura ka dafa bakin tendan ta waje, in ta dawo ta bugi dandamali yatsunka ne a tsakiya. Ka sunkuyar da kai, ƙofar gajeriya ce.

Na ga wani Alhajinmu cikin babbar riga ta shadda sai ƙyalli take, hula zanna a kafe, takalmi haf-koba, waya a hannu yana bidiyo zai tura wa 'yan gida. Ma'aikacin ya miƙo hannu ya ƙi, ya ɗaga ƙafa daidai lokacin da tenda ta yi ƙasa, ya taka gefen rigarsa, ba don sun cafke shi su biyu ba da labari ya sha bamban. Takalmi ɗaya dai ya tafi, muna kallo ya faɗa tsakanin jiragen ya juya ya nutse, hula ta bi iska. Haka ya shiga gari da ƙafa ɗaya a safa yana neman shagon silifas da yuro. Saboda haka babbar riga a ajiye ta sai cin abincin dare. Kaftani gajere ko riga da wando, takalmi mai rufe dunduniya mai ƙasan roba, hula a jaka har a sauka.

Mata kuma naku ya fi yawa. Abaya mai jan ƙasa da zani da siket matsattse duk ba sa barin ƙafa ta buɗe. Ki sa wando a ciki, ki sa doguwar riga mai faɗi da ba ta wuce idon sawu ba, hijabi madaidaici, gyale mai tashi kuma a kama shi da fil saboda iskar wurin ba ta wasa. Sannan maganar da ba a son faɗa, ma'aikatan nan galibi maza ne kuma sai sun riƙe ki. Hajiyoyinmu da yawa a nan suke cijewa, an zo bakin ruwa mutum ɗari na baya suna jira, ta janye hannu tana "Alhaji kai ka riƙe ni", shi kuwa Alhajin da kansa riƙe shi ake. Ni ba malami ba ne, ki tambayi malaminki tun a gida kan hukuncin lalura ki taho da matsayarki, kar sai a kan dandamali za ki fara tunani. Dabarar da na ga tana aiki, riga mai dogon hannu mai kauri su kama ta saman yadi, maigida ya fara shiga ya tsaya daga ciki ya karɓe ki bayan kin tsallake. Amma kar ya ture ma'aikaci ya ce shi zai yi aikin, bai san ruwan ba. Yaro mai tafiya a bar su su ɗaga shi su miƙa, abin da suke yi kenan kullum, mai goyo ta ƙara ɗaure majanyi ta lura da kan jariri a bakin ƙofa.

In kun shiga ku wuce ciki ku zauna, kar a tsaya a ƙofa ana jiran juna. Mai jiri ya nemi tsakiya kusa da inda iska ke shigowa ya kafa ido can nesa, kar ya kalli waya, bayan tenda kuma hayaƙin dizal ne. Masu son hoto su hau sama in an buɗe, da sharaɗin ruwa zai ɗan fantsamo. Tafiyar ba ta da tsawo, minti 10 zuwa 20 a yawancin wurare. Kar ka miƙe sai an ɗaure ta an ce a tashi, fita ma taku ɗaya ne irin na shiga.

Da ka taka ƙasa ka juya ka ɗauki hoton wurin da allon da aka rubuta tenda ta ƙarshe. Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu kowanne da layinsa da rumfarsa, ka gane naka. Agogo kuma na jirgi ake bi. Girka na gaban Italiya da awa ɗaya, a lokacin zafi tana gaban Najeriya da awa biyu, waya na canza lokaci da kanta ba ta faɗa maka, wani ma agogon hannunsa na nan a lokacin Gombe tun da ya baro gida. Ka saita agogon hannu da na jirgi kafin ka sauka.

Santorini sai na ware ta. Tenda na ajiye ka a tsohuwar tasha a gindin dutse, garin Fira na can sama. Hanya uku ce, motar kebul, wato mai hawa sama a rataye jikin igiyar ƙarfe, mai ɗakuna 6 kowanne mutum 6, ko matakala kusan 600 da ƙafa, ko jaki. Ni jaki ban yarda ba, matakalar kuma kashin jakunan ya sa ta santsi. Hawa da safe da sauƙi-sauƙi, saukowa da yamma ne bala'in, mutum 36 a sawu ɗaya ga dubbai a layi cikin rana, kana iya shafe awa guda ko fiye. Ka shiga layin saura awa biyu tenda ta ƙarshe. Ga kuma harajin da Girka ta sa tun 2025, yuro 20 kan kowane fasinja a Santorini da Mikonos a tsakiyar lokacin zafi, kar ka gan shi a lissafin ɗakinka ka je kana rigima a kanta.

A ko'ina dai kar ka yi niyyar tenda ta ƙarshe, ka yi niyyar wadda ke gabanta da awa ɗaya. Nan babu "direba ga ni nan zuwa". In ta wuce ka, ka kira lambar wakilin nan da ka ɗauka hoto, kuɗin bin jirgi zuwa gari na gaba kuma daga aljihunka, da fasfo ɗin Najeriya kuwa sai ka duba ko bizarka ta ba ka damar shiga ƙasar ma. Da yamma ruwa yakan fi tashi, don haka takun komawa ya fi na safe wuya, ga gajiya ga ledojin tsaraba, ka miƙa wa ma'aikata ledojin tukun sannan ka tsallaka. In kuma da safe kyaftin ya ce ruwa ya yi ƙarfi an fasa sauka, an fasa kenan, kuɗin yawon da ka saya a jirgi za su dawo maka da shi, wanda ka biya wani a waje ta intanet sai yadda kuka yi da shi, don haka ka karanta sharaɗin fasawa kafin ka tura kuɗi.