Yadda Ake Ratsa Gandun Dajin Tsaunuka da Karnuka a Mota

Kafin a tayar da mota, a bincika dokar gandun dajin da za a shiga, domin kowanne da tasa. A Amurka, ƙa'idar da ta game gandun dajin ƙasa ita ce kare ya kasance a ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, wato kusan mita 2. Bayan wannan sai bambanci ya shigo. Gandun Shenandoah da ke jihar Bajiniya ya yarda a bi yawancin hanyoyin ƙafa da kare, ban da 'yan kaɗan irin su Old Rag da Dark Hollow Falls. A Great Smoky Mountains hanyoyi biyu kacal aka amince, Gatlinburg da Oconaluftee. A Rocky Mountain kuwa, iyakacin kare bakin titi, wurin ajiye motoci, wurin cin abinci da sansanin kwana. Wanda bai san wannan ba sai ya isa bakin hanyar da ya ɗauro niyya, ya tarar da allon hani, ga kare a hannu.

Babbar matsalar hanyar tsauni ita ce yawan lanƙwasa. Titin Skyline na Shenandoah mil 105 ne, gudunsa bai wuce mil 35 a awa ba, ke nan awa uku ana lanƙwasa ko da ba a tsaya ba. Cikin kare ba ya son haka. A ba shi abinci kaɗan awa 3 zuwa 4 kafin tashi, kada a cika masa ciki a bakin mota. Alamun jiri suna riga amai zuwa: hamma a kai a kai, lasar leɓe, dalalar yawu, sai ya kasa zama wuri ɗaya. Da an ga haka a tsaya a wurin kallo na gaba, a sauke shi ya taka ƙasa na minti goma. Idan an san kare mai yawan amai ne, a nemi magani wurin likitan dabbobi tun kafin ranar. Kada a kuskura a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, guba ne a gare shi.

A ɗaure shi a kujerar baya da ɗamarar ƙirji da aka haɗa da bel, ko a sa shi cikin keji da aka ƙulle da kyau. Igiyar wuya ba ta wannan aikin, birki ɗaya mai ƙarfi na iya ji masa rauni a maƙogwaro. Idan karnukan biyu ne, kowa da mazauninsa. A sauke gilashi kamar faɗin yatsu biyu don iska, ba yadda zai fito da kai ba, saboda tsakuwa da reshe.

A wurin tsayawa aka fi rasa karnuka. A maƙala igiya tukuna, sannan a buɗe ƙofa, kuma ta gefen da ba titi ba. Karen da ya hango barewa ba ya jin kira, kuma bayan gajeriyar katangar wurin kallo sau da yawa gangara ce mai zurfi. Idan beyar ce, wato wata babbar dabbar daji mai haɗari, aka gani a bakin hanya, a rufe gilashi a wuce a hankali. Haushin kare yana tunzura ta.

Ruwa kuma a ɗebo shi daga gida. Kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a yini, don haka mai kilo 20 ya fi ƙarfin lita ɗaya, kuma a sama inda iska ta bushe buƙatar tana ƙaruwa. Ruwan rafi yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa zawo. Sanyin tsauni ma kada ya ruɗi kowa: motar da aka rufe a rana tana ƙara zafi da kusan digiri 10 na ma'aunin Celsius cikin minti goma, don haka ba a barin kare a ciki. Titin Trail Ridge na gandun Rocky Mountain ya haura mita 3,700 a sama, kuma tsohon kare ko mai ciwon zuciya ko mai gajeren hanci yana iya shiga haki mai tsanani a can. Idan dasashinsa ya koɗe ko ya ƙi tashi, a juya a gangara.

Wajen gangarowa a sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar. Danne birki na tsawon lokaci yana sa shi zafi har ya daina kamawa, kuma takawa da sakewa da ƙarfi ne ke ƙara wa kare jiri. A sha mai a cika tanki kafin shiga, a sauke taswira a waya, don sabis yana ɗaukewa.

Kashin kare a kwashe a leda a kai kwandon shara. Da yamma a laluba jikinsa don kaska, musamman cikin kunne, hammata, ƙarƙashin wuya da tsakanin yatsu. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, sannan a wanke wurin da sabulu.