Yadda za ki amfana da ajin Pilates ba tare da kin kwaso ciwon wuya ba

Da an tashi daga ajin Pilates, wato motsa jiki na ƙarfafa naman ciki da baya, nake gane sabuwar zuwan da ba za ta dawo ba. Za ki ga ta dafe ƙeya tana murza wuya, tana cewa ita dai wannan abu bai karɓe ta ba. Ni ma haka na yi wata biyu cur, ina biyan kuɗi ina komawa gida da wuya a sanƙare, cikin da na je dominsa kuwa ko gezau. Laifin ba na Pilates ba ne, ban iya numfashi ba ne kuma ban iya ɗaga kai ba, kuma ba wanda ya tsaya ya nuna mini.

Ki fara da isa wurin da minti goma kafin lokaci, ki sami mai koyarwa ita kaɗai. In kina da ciwon baya, ko juna biyu, ko ba ki daɗe da haihuwa ba, musamman in tiyata aka yi, ko likita ya ce ƙashinki ya yi rauni, faɗa mata tun kafin a shimfiɗa tabarma. Kunya ba ta da amfani a nan. Mai jego da naman cikinta ya rabu a tsakiya, da mai raunin ƙashi, akwai motsin lanƙwasa baya da bai kamata su yi ba sam, kuma malama ba ta duba, sai kin faɗa.

Kada ki zo da tuwo a ciki. Ki bar aƙalla awa biyu tsakanin abinci mai nauyi da aji, in yunwa ta matsa ayaba ɗaya ko dabino uku sun isa. Kaya kuma ba sai kin sayi masu tsada ba, amma rigar da ta yi miki buhu tana ɓoye haƙarƙari da ƙugu, wuraren da malama ke kallo ke nan don ta gyara ki. Sai ɗankwali: yawancin aikin a rigingine ake yi, ƙullin da kika yi a ƙeya ko tulin gashi zai karkatar da kanki tun kafin a fara. Mayar da ƙullin gefe ko ki sa hula.

Ni a wurina doka ce, ajin tabarma kafin ajin na'ura. Wanda ya ƙirƙiro tsarin, Joseph Pilates, Bajamushen da aka haifa a 1883 wanda ya buɗe wurin horonsa a New York a shekarun 1920, motsi 34 ya jera a littafin da ya fitar a 1945, duka a ƙasa ake yin su ba da inji ba. Ajin na'ura ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma in ba ki iya riƙe cikinki a ƙasa ba, kuɗin kawai za ki zubar.

To, ga inda na sha wuya. Kwanta a rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗora tafin hannuwanki a gefen haƙarƙari. Ja iska ta hanci, ki tura ta gefe da baya har ki ji haƙarƙarin na ture hannuwanki, ba tumbi ya kumbura ba, ba kafaɗu su hau kunne ba. Sai ki fitar ta baki a hankali kamar mai hura wutar gawayi, ki bar haƙarƙarin su sauka, mara ta shige ciki, cibiya ta nufi gadon baya. Shigewar nan ba irin ta mai matse tumbi don ɗaukar hoto ba ce. In kin ga kin kasa magana, kin matse da yawa.

Yanzu ɗaga kai. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a fizgo kai da jijiyar wuya, haɓa a sama ko a danne a ƙirji. Ki fara da ɗan sunkuyar da haɓa kamar mai amsa gaisuwa, ki bar wurin da lemo zai zauna tsakaninta da ƙirji. Sannan, kina fitar da iska, ki ji ƙashin ƙirjinki na nitsewa yana zamewa wajen cibiya. Shi ne zai taso da kai da kafaɗu, har ƙasan allon kafaɗa ya rage yana taɓa tabarma. Idonki a kan cinyoyinki, ba rufin ɗaki ba. Ranar da wata malama ta ɗora yatsa biyu a ƙirjina ta ce in gudu daga yatsun, ranar na fara jin cikina na rawa.

Duk wannan za ki buƙace shi a motsin da ake kira Hundred, wato Ɗari, wanda a tsarin asali da shi ake buɗe aji. Kai a ɗage, hannuwa a miƙe gefen jiki kina kaɗa su sama da ƙasa, bugu biyar kina jan iska, biyar kina fitarwa, sau goma. Ba dole ki cika ɗarin ba. Bar gwiwoyi a lanƙwashe, ƙwauri a kwance kamar kan tebur. Da wuya ya fara zafi ki ajiye kai ki ci gaba da kaɗa hannu, ko ki tallafe ƙeya da hannu ɗaya. Ta kusa da ke da ta miƙe ƙafafu dab da ƙasa ta yi shekaru tana yi. In kika kwaikwaye ta bayanki zai banƙare ya rabu da tabarma, gobe ki tashi da ciwon ƙugu. Talatin masu kyau sun fi mini ɗarin da aka yi da cije haƙori.

In kin koma kan na'urar Reformer, wato gado mai zamewa da sifirin ke riƙe da shi, ki sa safa mai roba a tafi, wurare da yawa ma ba sa barin a hau ba ita. Kada ki ɗauka rage sifirin sauƙi ne, a wasu motsin da sifirin ɗaya aka fi jigata domin ba abin da ke riƙe gadon sai cikinki. Ki dawo da gadon a hankali, in kin ji ya buga ƙarfe gwaf, ya ƙwace miki. In za a yi na tsaye, fara taka ɓangaren da ba ya motsi.

Sau biyu ko uku a mako ya isa, kuma ki manne wa malama ɗaya na ɗan lokaci don ta san jikinki. Tsamin jiki bayan kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma zafi mai suka a gaɓa ko a baya, tsaya nan take ki gaya mata. Numfashin haƙarƙarin nan kuwa ki riƙa yin sa minti biyar a kan gado kafin barci, wannan ba a biyan ko sisi.