Yadda za ka nemi gurbin bincike kan garkuwar jiki bayan digirin dokta, daga Yamai

1. Buɗe lambar ORCID (lambar shaidar mai bincike a intanet), kyauta ce, ka jera duk abin da ka wallafa a ciki.

2. Zaɓi tambaya guda. "Ina son garkuwar jiki" ba tambaya ba ce. Ka ce kana son gano rawar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6 ke takawa a ciwon sikila, ko a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Nan ne ƙarfinka yake, don masu bincike a Faransa da Jamus suna da na'urori, amma ba su ganin waɗannan marasa lafiya kullum kamar kai.

3. Nemo ɗakunan bincike biyar a PubMed (rumbun maƙalolin binciken lafiya a intanet), ka karanta sabbin ayyukansu sosai.

4. Rubuta wa shugaban ɗakin gajeren saƙo, da Ingilishi ko Faransanci: aikinsa da ka karanta, abin da hannunka ya iya (dabarun gwaji irin su ELISA da PCR), da tambayarka. Kada ka tura wasiƙa ɗaya ga kowa, suna ganewa tun layin farko.

5. Roƙi malamanka biyu ko uku, na Jami'ar Abdou Moumouni ko na CERMES (cibiyar binciken lafiya da ke Yamai), su rubuto takardar shaida. Sanar da su da wuri, malam ba ya son gaggawa.

6. Duba kuɗin tallafi. Na Marie Curie na Tarayyar Turai yakan rufe a Satumba, kuma ba ya karɓar wanda ya wuce shekara 8 yana bincike bayan digirin.

7. In shirun shugaban ɗakin ya kai mako biyu, sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka wuce na gaba.