Yadda ake feƙe 'ya'yan murtsunguwar bakin teku

Murtsunguwar da masana ke kira Opuntia littoralis tana tsiro ne a gaɓar tekun kudancin Kalifoniya ta Amurka da Baja Kalifoniya ta Meziko. 'Ya'yanta idan sun nuna ja ne mai sirkin shunayya, kuma ana cin su.

Da farko ka sa safar hannu mai kauri, ka kama ɗan da awartaki, ka murɗa a hankali har ya tsinke.

Sai ka babbaka shi a kan wuta kana jujjuyawa. A nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Manyan ƙayoyin kowa na ganinsu, amma akwai wasu ƙanana kamar ƙaiƙayi, cunkushe a jikin ɓawon, waɗanda in suka shiga yatsa ko leɓe sai a kwana ana fama. Wutar ce ke ƙone su.

Ka wanke, ka yanke kai da gindi, ka tsaga ɓawon a tsaye, sannan ka ɓare da bakin wuƙa.

Ƙwayoyin ciki suna da tauri sosai. Ga yara, gara a murje tsokar a tace ruwan a rariya.