Yadda na samu sauƙin maƙalewar abinci a ƙirji

Masu tambayata kan ciwon nan, ga yadda aka yi. Abinci ne yake tsaya min a ƙirji, tuwo ko shinkafa, kai har ruwa ma sai na miƙe tsaye kafin ya wuce, da daddare kuma ya dawo min baki ina ta tari, na rame sosai har maƙwabta a nan Jos suna tambayar ko lafiya. Maganin olsa bai min komai ba.

Likitan ciki ne ya tura ni hoton bariyam, wani farin ruwa ake sha ana ɗaukar hoto, sai ga ƙarshen hanyar abincin ya tsuke kamar bakin tsuntsu. Ya ce akalasiya ce, wato tsokar da ke ƙofar tumbi ta ƙi saki. Aka saka kyamara ta baki don a tabbatar ba ciwon daji ba ne, wannan gwajin don Allah kar kowa ya tsallake shi.

Ranar aikin ban ci komai ba, aka min allurar barci, aka zura balan-balan mai faɗin milimita 30 aka hura shi a wajen ya buɗe tsokar. Haɗarin shi ne hanyar tana iya yagewa, shi yasa suka riƙe ni suna duba zazzaɓi da ciwon ƙirji kafin su ba ni ruwa. Da kunu na fara, yanzu Alhamdulillahi tuwo na wucewa lafiya. Ƙwannafi na ɗan taso min, ina shan magani, kuma likita ya ce in maƙalewar abincin ta dawo za a maimaita aikin da balan-balan mai milimita 35.