Yadda za ka shirya kwanan daji a hunturun Minisota, daga kai sai karenka

Toh da farko dai, sanyin da nake magana ba irin na Jos ba ne. A arewacin jihar Minisota ta Amurka cikin Janairu, digiri 20 ƙasa da sifili da daddare ba abin labari ba ne, kuma a Disamba wajen ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Ni hanyar da na saba bi ita ce Superior Hiking Trail, wadda ta bi gefen tafkin Superior ta ratsa birnin Dulut har kusa da iyakar Kanada, mil 300 da ɗoriya. An yarda a shiga da kare amma sai da igiya a wuyansa, kuma kar ka ga daji ba kowa ka ce bari in sake shi, lokacin sanyi ne masu ɗana tarkon namun daji ke aiki, ga rafuka da ƙanƙara ta rufe samansu ruwa na gudu a ƙasa.

Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, in karen nan ya yanke a ƙafa ya kasa tafiya, zan iya saɓo shi har mota? Amsarta ce za ta yanke maka nisan tafiyar. Karena kilo 24 ne, shi ya sa ba na wuce mil uku ko huɗu daga inda na ajiye mota, kuma akwai majanyi na goyon kare da ake sayarwa, kullum yana cikin jakata. Ka gwada goya shi a gida tukuna, wallahi ranar farko sai da maƙwabta suka yi ta min dariya.

Kafin ka je ko'ina ku kwana ɗaya a tanti a harabar gida. Nan za ka gane ko yana rawar ɗari, ko zai yarda ya kwanta a shimfiɗarsa, in abin ya ƙi kuma ƙofa na nan kusa.

Maganar shimfiɗa kuwa, ƙasa ce ke tsotse ɗumin jiki fiye da iska, saboda haka kai ka nemi katifa mai lambar R (ma'aunin riƙe ɗumi) 5 ko sama, ka sa ta soso a ƙarƙashinta, shi ma karen a yanka masa tasa ta soso a haɗa masa da bargo da riga mai kauri, kuma cikin tanti zai kwana ba a bakin ƙofa ba, sai dai ka kula da faratansa kar ya fasa maka katifar iska cikin dare ka wayi gari a kan ƙanƙara. Kayan auduga ka bar su a gida, suna jiƙewa da gumi su ƙi bushewa. Ulu ne abokin tafiya.

Ƙafafunsa su ne rabin aikin. Dusar ƙanƙara na dunƙulewa tsakanin yatsunsa ta zama kamar tsakuwa, za ka ga yana tsayawa yana cizon ƙafa. Ka rage gashin wurin da almakashi, ka shafa masa kakin Musher's Secret, ka riƙe takalman kare har da na ƙari don sai ɗaya ya ɓace. Duk inda kuka huta ka taɓa kunnuwansa da jelarsa da tafin ƙafa, in ka ji sun yi sanyi ƙarara sun yi tauri ko fatar ta koɗe, ku juya.

Abinci ka ƙara masa a kan na gida, in zai ɗauki kayansa kar nauyin ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, ni ko rabin haka ba na ɗora masa. Cakulan da zabibi guba ne ga kare, haka ma ibuprofen, kar ka ce za ka ba shi naka. Ruwa kuma narkar da dusa za ka yi, ka fara zuba ɗan ruwa a tukunyar kafin ka loda, ka ba shi da ɗumi-ɗumi. Rishon gas na gwangwani yana lalaci a irin wannan sanyin, mai farin fetur ya fi. Gora ka ajiye ta baki a ƙasa tunda daga sama ruwa ke fara daskarewa, wata kuma ka cika ta da ruwan zafi ka kwana da ita, da asuba ga ruwan alwala.

Sabis ɗin waya babu tabbas, ni Garmin inReach nake riƙewa, na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, wayar kuma tana aljihun ciki don sanyi na cinye batir. Ka rubuta wa wani a gida inda ka faka mota, sansanin da za ka kwana, da ƙarfe nawa in bai ji ka ba zai kira lambar gaggawa ta 911, ka haɗa masa da hoton karen da lambar motar.